TAKARDAR IZINI DA AYARIN NAZARAT

Karatu: Luka 2:41-52, Daniyel 1:1-21

A ce ga wani manomi a Kaboji, a ƙasar Kontagora, dattijo ne a ikilisiyarsu. 'Yarsa mai shekara 16 ta ci jarrabawa, an ɗauke ta karatu na shekara guda a Amurka, tana zaune a gidan wasu mutane a jihar Iowa. Wata rana cikin kaka, yana tsakiyar sussukar waken suya, sai ga saƙo a wayar ƙaninsa. Takarda ce ta neman izini. Masu kula da ɗaliban sun shirya kai su birnin Chicago daga ranar Jumma'a zuwa Lahadi da yamma. Za su kwana biyu a masauki, yara maza da mata daga ƙasashe dabam dabam, kuma ana son uba ya sa hannu.

Ba a ba wannan gida suna ba, domin yana iya zama gidan kowa. Ko iyayen da ɗansu bai taɓa ƙetare teku ba sun san irin wannan takarda. Makaranta takan aiko da ita sa'ad da za a kai ɗalibai ganin madatsar ruwa ta Kainji ko gangarar ruwan Gurara, ikilisiya ma takan aiko da ita lokacin taron matasa. Bambancin kawai shi ne nisa.

Shirin kansa ba tatsuniya ba ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin musayar ɗalibai da ake kira YES a shekarar 2002, aka kuma sa masa sunayen sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. An nufa a kawo ɗaliban sakandare daga ƙasashen da ke da Musulmi masu yawa, su zauna da iyalai a Amurka na shekarar karatu guda, a san juna, a rage zargi. Rukunin farko ya tafi a 2003, da yaran Arewacin Nijeriya a ciki, Musulmi da Kirista, kuma wata ƙungiya mai suna IRIS da ke garin Ames a Iowa ce ta riƙa kula da su. Irin waɗannan shirye-shirye sukan haɗa da 'yan tafiye-tafiye na ƙarshen mako domin yaran su ga ƙasar da suka zo.

Dattijon nan ya ajiye wayar, bai ce kome ba sai da dare. Matarsa ce ta fara magana.

"Maigida, ka yi shiru. Ina ce dai lafiya take?"

"Lafiya lau. Tafiya ce za su yi. Awa biyar ko shida a mota, su kwana a wani wuri, ranar Lahadi kuma ba sujada."

"To, kada ka sa hannu mana. Karatu muka aike ta, ba yawo ba."

Ba daidai ba ne a yi wa wannan uwa dariya. Mutanen Jihar Neja sun san abin da ake nufi da yaro ya fita bai dawo ba. A watan Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara. A watan Mayu na wannan shekara aka kwashe ƙananan yara na makarantar Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A watan Nuwamba 2025 kuma aka shiga makarantar St. Mary ta Papiri, a ƙaramar hukumar Agwara, aka tafi da yara da malamai fiye da 200, sai a watan Disamba aka sako su rukuni rukuni. Uwar da ta ji waɗannan labarai, in an ce mata mota za ta ɗauki 'yarta zuwa wurin da ba ta sani ba, gabanta zai faɗi ko da motar tana wata duniya. Tsoronta yana da tushe. Abin tambaya shi ne ko tsoron ne zai yanke hukunci.

Ayarin da ya koma gida ba tare da Yesu ba

Luka ne kaɗai cikin marubuta bishara huɗu ya ba da labarin ƙuruciyar Yesu bayan jariri, kuma abin mamaki, labarin tafiyar ƙungiya ne. Yusufu da Maryamu sukan hau Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa. Shari'ar Musa ta umarci maza su hallara a idi uku a shekara (Maimaitawar Shari'a 16:16), Maryamu kuwa takan bi mijinta don son ranta. Daga Nazarat zuwa Urushalima tafiyar kwanaki ce da ƙafa, fiye da kilomita 100, hanyar kuma ba ta rasa mafasa. Shi ya sa mutanen gari suke haɗuwa su tafi tare, dangi da maƙwabta, kamar yadda fatake suke yi a ƙasar Hausa a zamanin da, da madugu a gaba.

Da aka gama kwanakin idi, ayari ya kama hanyar gida. Yesu, yana da shekara 12, ya tsaya a birni. Iyayensa suka yi tafiyar yini guda cur ba su ankara ba, sai da aka sauka zango aka fara neman na kowa.

Mai karatu mai saurin hukunci zai ce wane irin sakaci ne wannan. Amma Luka bai tsawata musu ba, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya gane dalili. Ɗa na kowa ne. Yaron da ba a taɓa kama shi da rashin ji ba, in ba a gan shi kusa ba, ai yana wurin gwaggonsa ko cikin tsaransa. Masu sharhi da dama sun yi hasashen cewa mata da ƙananan yara sukan yi gaba, maza su biyo baya, har kowane ɗaya cikin iyayen ya ɗauka yaron yana wurin ɗayan. Nassi bai faɗi haka ba, amma ya faɗi abin da ya fi muhimmanci: zato suka yi. Ba mugunta, ba rashin ƙauna. Ayarin mutanen kirki ne, masu dawowa daga sujada, bakinsu cike da zabura, duk da haka sun yi yini guda suna nisa da Almasihu ba wanda ya lura.

A nan ne labarin yake taɓa gidajen masu bi, kuma ya fi taɓa waɗanda 'ya'yansu ba su je ko'ina ba. Iyaye da yawa suna tafiya da wannan zato shekara da shekaru. Yaro yana makarantar Lahadi, yana ƙungiyar mawaƙa, yana sa rigar Boys' Brigade yana maci ranar taro, a makaranta kuma sunansa yana cikin littafin FCS. Sai a ɗauka ke nan ya san Ubangiji. Uba ya bar wa uwa, uwa ta bar wa malamin makarantar Lahadi, malami ya bar wa fasto, fasto kuwa yana da mutum ɗari uku a gabansa. Kowa ya tabbata wani yana riƙe da yaron. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi a tabarma ya tambaye shi abin da shi kansa ya gaskata. Ayari yana ɗauke da shi, kuma muddin ayari yana tafiya, ba mai gane ko da ƙafarsa yake tafiya ko turi ne.

Tafiyar kwana uku takan tona wannan. A gida akwai ƙararrawar majami'a, akwai uwa mai tashin mutum da asuba. A gidan masu masauki a Amurka ma akwai tsari, akwai idon manya. Amma a cikin mota mai ɗauke da yara talatin, a ɗakin masauki da dare bayan an kulle ƙofa, babu fasto, babu uwa, babu wanda ya san gidan su wane. Abin da yaro ya ɗauko a zuciyarsa, shi kaɗai yake da shi. Saboda haka dattijon Kaboji ya yi daidai da ya damu, sai dai damuwar ta makara in a daren sa hannu ta fara. Takardar ba ita ta kawo tambayar ba, ta dai hana shi ci gaba da kauce mata.

Ya kamata a lura da wani abu kuma. Ana kiran wannan labari ɓatan Yesu, alhali ba shi ne ya ɓata ba. Da suka same shi bayan kwana uku, yana zaune a Haikali tsakanin malamai, yana saurare, yana tambaya, masu jinsa suna mamakin fahimtarsa. Yana daidai wurin da ya kamata ya kasance. Maryamu ta yi masa maganar uwa, ta faɗa masa irin azabar da ita da Yusufu suka sha wajen nemansa. Kalmar Helenanci da Luka ya yi amfani da ita a nan mai nauyi ce, ita ce kuma ya sake amfani da ita a sura 16 wajen bayyana azabar attajirin nan a cikin wuta. Littafi Mai Tsarki bai raina zafin da uwa take ji ba. Amsar Yesu kuwa, wadda ita ce maganarsa ta farko da aka rubuta a bisharar Luka, ta nuna cewa akwai Uban da haƙƙinsa ya fi na Yusufu, kuma sha'anin wannan Uba ne ya riƙe shi. Luka ya ce ba su gane ba. Iyaye tsarkaka ne, mala'ika ya yi magana da kowannensu, amma ranar da yaron ya fara tsayawa da ƙafarsa a gaban Allah, abin ya yi musu ciwo.

Kowane uba mai bi ya taɓa ɗaukar jaririnsa a gaban ikilisiya ya miƙa shi ga Ubangiji. Faɗar wannan a baki ba wuya, jama'a na tafi, zumuntar mata na waƙa. Ranar da Mai kaya ya zo karɓar kayansa ce ake sanin ko da gaske aka yi.

Abin da Daniyel ya karɓa da abin da ya ƙi

In an bar yaro ya tafi, da me zai tafi? Daniyel da abokansa uku su ma ɗalibai ne a baƙuwar ƙasa, ko da yake su kam ba a nemi izinin iyayensu ba, kame aka yi. Nebukadnezzar ya sa aka zaɓo samarin Yahuza masu basira, a koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa har shekara uku a Babila.

Masu wa'azi sukan yi saurin zuwa wurin abincin sarki, su tsallake yawan abin da samarin suka karɓa. Sun koyi harshen mutanen da suka ci ƙasarsu da yaƙi. Sun karanta littattafansu, suka ma fi 'yan ƙasar ƙwarewa. An canja musu suna, Daniyel ya zama Belteshazzar, Hananiya da Mishayel da Azariya suka zama Shadrak da Meshak da Abednego, ba a kuwa rubuta cewa sun ta da rigima a kan haka ba. Wuri ɗaya Daniyel ya ja layi, kuma ya ja shi a zuciyarsa tun kafin a ɗora akushi a gabansa. Sa'an nan bai yi zagi ba, bai kifar da abinci ba. Ya je wurin mai kula da su ya roƙa da ladabi, da ya ga mutumin yana tsoron sarki sai ya kawo shawarar da ba za ta jefa kowa cikin hatsari ba: a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa.

Yaron da aka tarbiyyantar da cewa kome na baƙi haram ne, ɗayan biyu zai same shi. Ko ya ƙule a ɗaki shekara guda ya dawo bai koyi kome ba, ko kuwa ranar da ya gane cewa cin abincinsu da sa rigar sanyinsu ba zunubi ba ne, ya ɗauka sauran abin da aka hana shi ma duk ƙarya ne, ya zubar gaba ɗaya. Gara iyaye su ba shi layi kaɗan masu ƙarfi waɗanda ya san dalilinsu: jikinsa haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, ba ya shiga ɗakin da bai kamata ba, ba ya shan abin da zai gusar masa da hankali, ba ya rabuwa da ƙungiya ba da sanin shugaba ba, ba ya jin kunyar sunan Yesu. Sauran kuwa ya buɗe ido ya koya. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ƙasa da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Yarinyar Kaboji da ta tsaya a bakin tafkin Michigan ta duba ba ta hango ƙarshensa ba, ko ta hau bene na 103 a hasumiyar Willis ta ga motoci kamar tururuwa, ba ta yi nisa da Allah ba saboda haka. Mai yiwuwa ma ranar ce za ta fara gane Zabura 8.

Saura batun Lahadi, wanda shi ne ya fi tsaya wa dattijon a rai, kuma bai kamata a share shi da wasa ba. Wasiƙar Ibraniyawa 10:25 ta yi gargaɗi a kan barin taruwa, kuma abin da take magana a kai shi ne mai da rashin zuwa al'ada. Da Lahadi ɗaya ake fara al'ada, gaskiya ne. Amma da Bulus ya isa Filibi, ranar Asabar ya fita bayan gari zuwa bakin kogi neman wurin da ake addu'a, ya tarar da mata kaɗan, kuma daga wannan ɗan zama ikilisiyar Filibi ta samo asali (Ayyukan Manzanni 16). Yesu kansa ya yi alkawarin kasancewa tare da mutum biyu ko uku da suka taru saboda shi (Matiyu 18:20). Matafiyi yana iya rasa ginin majami'a, amma bai rasa sujada ba sai in shi ya so. Yaron da ya san haka zai tambayi shugaban tafiya tun ranar Laraba ko akwai majami'a kusa da masauki, in babu lokaci ya nemi rabin awa kafin a tashi. Masu shirya irin wannan tafiya sun saba da roƙo makamancin haka, domin ɗalibai Musulmi sukan nemi wurin salla da abincin halal, ana kuwa yi musu. Sau da yawa ɗan Kirista ne yake yin shiru, ba don an hana shi ba, sai don bai taɓa ganin abin ya kai a roƙa ba. Wannan abin kunya ne, kuma kunyar ta gidan da ya fito ce fiye da tasa.

Luka ya rufe labarin da cewa Yesu ya bi su zuwa Nazarat, ya yi musu biyayya. Wanda ya ba malaman Haikali mamaki ya koma ƙauyen da ake yi wa ba'a, ya zauna kusan shekara 18 a shagon sassaƙa. Ɗalibin da ya dawo daga Turai ko Amurka yana yatsina fuska ga tuwon dawa, yana gyara wa ubansa Turanci a gaban baƙi, ya ga birane amma bai bi wannan sawu ba.

Akwai kuma wata tafiya a ƙarshen wannan bishara da ta yi kama da ta farko. A sura 24, lokacin Idin Ƙetarewa ne kuma, mutum biyu suka bar Urushalima zuwa Imuwasu, tafiyar kimanin kilomita 11, a rana ta uku, zukatansu a karye domin sun tabbata sun rasa Yesu. A tafiya ta farko an zaci yana tare da ayari alhali ba ya nan. A ta biyu an zaci ba ya nan alhali yana tafe kafaɗa da kafaɗa da su. Iyayen da ke kwana ba barci saboda yaro yana nesa su riƙe wannan ta biyun. Idonsu bai kai Chicago ba, amma Wanda ya tashi daga matattu ba ya bukatar biza.

Dattijon bai sa hannu a daren nan ba. Washegari ya je wurin fasto, suka karanta takardar tare layi layi: manya nawa ne za su raka yaran, yaya aka raba ɗakuna, lambar wa za a kira in wani abu ya faru. Bangaskiya ba ta hana tambaya. Da la'asar, lokacin da gari ya waye a can, ya kira 'yarsa. Bai tambaye ta sanyi ko abinci ba.

"'Yata, in an kai ki inda ba wanda ya san ki, ke ta wace ce?"

Ta yi shiru har ya ɗauka layi ya yanke. Sai ta ce, "Baba, ba ka taɓa tambayata haka ba."

"Laifina ne. Yau na tambaya."

Suka yi magana har kuɗin wayar ya ƙare. Ya ari na ƙaninsa suka ƙarasa, uwar ta karɓa ta yi mata addu'a tana kuka. Sa'an nan ya sa hannu.

Ranar Lahadi, wajen ƙarfe shida saura na safe a Chicago, yarinyar da suke ɗaki ɗaya, Musulma daga wata ƙasa, ta tashi ta yi alwala ta shimfiɗa ɗan mayafinta a gefen gado. Motsin ne ya ta da 'yar Kaboji. Ta kwanta tana kallon silin na ɗan lokaci, sa'an nan ta jawo jakarta ta fito da Littafi Mai Tsarki na Hausa da uwarta ta cusa mata tsakanin zannuwa. Da abokiyar ta idar, ta tambaye ta ko ta kunna mata fitila. Kafin karin kumallo ta ƙwanƙwasa ƙofar wasu 'yan mata biyu da ta ji suna rera waƙar majami'a a mota ranar Jumma'a, su uku suka zauna a matakalar bene, kowa ta karanta Luka 2 da harshenta.

Tsakanin Chicago da Nijeriya awa bakwai ne a lokacin sanyi. A daidai wannan sa'a a Kaboji ana gab da tashi daga sujada, mai sanarwa ya ambaci sunanta cikin matafiya da za a yi wa addu'a, uwarta kuwa tana zaune a layin zumuntar mata da wayar ƙanin mijinta a ƙulle a bakin zane. Da yamma, kafin motar ta tashi, shugaban tafiya ya bi kujeru yana kiran suna ɗaya ɗaya, ya ƙirga sau biyu, sa'an nan ya ce wa direba a tafi.